Warin Silifa

Kwana tara ke nan Glenys Tulloch tana fama da sitiyarin jirgin ruwan nan, kuma ranar Asabar da hantsi ta kai inda mutum ke zagin ƙarfe kamar ƙarfen yana ji. Tana durƙushe a bayan gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, gwiwoyinta kan tsohon buhun taki, sifana a hannu, ƙudaje na shawagi kan mangwaron da jemagu suka gutsura suka yar. Shekarunta sittin da tara. Abin da ya rage mata kwana ɗaya ne tak. Gobe Lahadi ruwan teku zai hawo ya cika da ƙarfe goma na safe, jibi Litinin kuma za a kai mijinta Merv gidan kula da tsofaffi a birnin Mackay, inda aka samar masa gado bayan wata bakwai ana jira. Ta yi alkawarin sai ta fita da shi teku sau ɗaya kafin nan. Kanta ta yi wa alkawarin, don shi ko an yi masa ba zai riƙe ba.

Jirgin ba wani abin a zo a gani ba ne. Siraran kwalekwale ne guda biyu aka haɗa da sandunan ƙarfe, aka ɗaure tamfol a tsakani inda mutum biyu za su zauna, sai dogon turke da ƙyallen da iska ke turawa. A wutsiyar kowane kwalekwale akwai dogon allo da ke nutsewa cikin ruwa, kansa cikin wani gidan ƙarfe, an kuma haɗa allunan biyu da sanda guda wadda mai tuƙi ke riƙewa, wannan shi ne sitiyarin. Sunan jirgin Beryl, wato sunan uwar Merv. Glenys ta nemi a sake sunan tun satin aurensu, Merv ya ce fenti ya ƙare, kuma fentin nan bai sake samuwa a duk faɗin jihar Queensland ba har yau.

Rabon aikinsu a fili yake tun farko, ita ke tuƙi, shi ke gyara. Ranar da ya fara fita da ita, suna saurayi da budurwa, shi yana gyaran injina a kamfanin sukari ita tana masana'antar jatan lande, sau biyu ya ɗora su kan tudun yashi kafin rana ta take. A na biyun ta ce, "Matsa can ka ba ni abin nan, kafin ka kashe 'yar mutane." Ya matsa. Shekara arba'in da huɗu bai sake neman sandar ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar abin da yake ƙwaƙulawa a rumfar kayan aikinsa da yammacin Juma'a ba. Ta san dai ranar Asabar za ta tarar da jirgi a shirye, an wanke, an ɗaure.

Ita 'yar gonar rake ce, ta huɗu cikin mata shida, a gidan da ba a cewa an gaji. Tun tana shekara goma sha bakwai take ɗaukar akwatunan ƙanƙara a masana'antar jatan landen, har wata safiya, bayan shekara ashirin, akwati ya zame daga kan tari ta tare shi da hannun dama. Ta ji wani abu ya tsinke mata a kafaɗa. Likita ya ce ta manta da jan duk wani abu mai nauyi, jirgi kuwa kada ma ta fara. Ta koma aikin kicin a makarantar firamare, ta yi shekara guda ba ta taɓa ruwa ba, tana zaune a gaɓa tana hararar masu fita. Da shekara ta zagayo ta ce ita fa sai ta gwada. Ta kama sandar, ta ji ta sakayau, da yatsu biyu ma ana juya ta. Daga nan ta ci kofin ƙungiyar masu jirage na garin har sau uku, kuma babu wanda ya tsira daga jin labarin. A kanti, a coci, a wurin jana'iza ma, sai ta ɗaga hannun ta ce, "Likita ya san littafi, bai san kafaɗata ba." Merv yakan tsaya a gefe yana gyaɗa kai, yana cin biskit ɗinsa.

Faɗansu ɗaya ne wanda bai taɓa tsufa ba, faɗan silifa. Merv mutum ne da zai iya gaya maka inda ya ajiye ɗan zoben kusa tun shekarar da guguwa ta ɗauke rufin coci, amma kusan kowace shekara sai ya dawo gida da warin silifa ɗaya. In ta tambaya, amsar ba ta canjawa: "Ruwa ya tafi da shi." Ta zage shi a kan haka, ta kira shi sakarai a gaban baƙi, ta taɓa ɗaura masa igiya a silifar kamar ɗan yaye. Duk a banza.

Shekara huɗu da suka wuce ne kansa ya fara zubar da abin da ke ciki. Da farko sunayen maƙwabta, sannan hanyar gida daga gidan waya. Ranar da ya bar injin goge ƙarfe yana gudu ya tafi neman karensu da ya mutu tun tuni, 'yarsu Narelle ta zo ta sa wa rumfar kwaɗo. Aka lulluɓe Beryl da tamfol. Glenys ta zama mai wanka, mai aski, mai ɓoye makullin mota, mai amsa tambaya guda sau talatin kafin abincin rana. Wata rana ya san ta, wata rana ya ce mata "baiwar Allah" cikin ladabi, ya tambaye ta ko ta ga matarsa. Ba ta kuka a kan wannan, kukan ya ƙare tun shekara ta biyu. Gajiya ce kawai ta rage, irin wadda barci ba ya taɓawa.

To da aka sa ranar tafiya, sai ta yaye tamfol ɗin. Ta ce in dai fitar ƙarshe ce, Beryl ba zai fita da datti ba. Ta karɓi makullin rumfa, ta kwance sitiyarin kaf, ta jera kusoshi kan tawul yadda ta saba ganin Merv na yi. Ta wanke gishirin da ya daskare, ta goge tsatsa, ta ƙwaƙule wani baƙin datti mai danƙo da ya toshe bayan kowane allo a cikin gidan ƙarfensa, har tana faɗa ita kaɗai cewa namiji ko gwani ne ƙazami ne. Ta watsa dattin a kwandon shara, motar shara ta kwashe ranar Talata. Ta mayar da komai wurinsa yana ƙyalli.

Sannan ta kira Clarrie. Clarrie tsohon ɗan sanda ne, shi ke tuƙa jirgin ceto na ƙungiya, kuma dokar wurin ita ce babu jirgin da ya daɗe a ajiye da zai sauka cikin ruwa daga gangaren ƙungiya sai ya hau shi ya ɗaura masa koren zare a goshi. Bai san komai game da jirgin ruwan da iska ke turawa ba, shi na inji ne, amma ya san tsoro in ya ji shi. Sun fita su biyu, iska ba ta ma yi ƙarfi ba, sai ga sandar na jan hannun Glenys kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa. Ta riƙe da hannu biyu. Kafaɗar da ta yi shekara talatin tana yabo ta kama wuta. Da suka zo juyawa allon hagu ya yi tsalle ya fito daga ruwa, jirgin ya karkace, Clarrie ya rungumi turke yana kiran sunan uwarsa.

Da suka taka ƙasa ya ce, "Glenys, ni da ke ba ma ɓoye-ɓoye. Ba zan ɗaura zare a kan wannan ba."

"Ɗan gyara ne ya rage."

"Ɗan gyara? Ni da nake da hankalina saura kaɗan in sha ruwa. Merv in ya faɗa ciki ko ihu ba zai san ya yi ba. Gyara shi, in hau, in ji da jikina. In ba haka ba ko kofinki uku za ki kawo mini ba na ɗaurawa."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa sosai.

Tun daga ranar take bin abin ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da fil ɗin da allunan ke juyawa a kai, ta girgiza su hagu da dama, ta ji ɗan motsi, ta je har Mackay ta samo sababbin zobban roba ta saka. Motsin ya tafi. Ta gwada, sandar na nan tana ja. Ta ce to ko allunan ba sa kallon wuri ɗaya, ta ɗauko tef ta auna tazarar da ke tsakaninsu ta gaba da ta baya, ta rage sandar haɗin, ta ƙara, ta sake ragewa, har awon ya zo daidai da abin da wani tsohon littafi a rumfar ya ce. Ta ce ko ta musanya na hagu da na dama, ta kwance, ta juya, ta ga ba haka ba ne, ta sake kwancewa. Ta duba 'yar sakatar da ke danne allo in ya sauka, ta lafta mata giris, sai allon ya ƙara saurin tsalle, ta zauna da tsumma da kananzir tana goge girishin da hannunta ya shafa. Ta tambayi masu sababbin jirage a ƙungiya, suka leƙa, suka ce irin wannan ƙarfen an daina yin sa tun kafin a haife su, ta sayi sabon saiti mana, wata biyu ya iso. Waɗanda suka san irin Beryl duk suna maƙabarta ko suna wurin 'ya'yansu a Brisbane. Gwaji na biyu da Clarrie ranar Alhamis bai fi na farko da komai ba, sai dai wannan karon ya zo da rigar ceto biyu.

Duk wannan ana yi Merv na zaune kan kujerar roba a inuwa, hula a kai, yana kallo. Sau da yawa yakan miƙe ya nufo wutsiyar jirgin, ita kuma ba ta ko ɗaga kai take cewa, "Zauna, Merv, akwai kusoshi a ƙasa." Sai ya koma ya zauna, don shi mutum ne mai jin magana, da lafiyarsa da babu.

Ranar Asabar ɗin nan Narelle ta fito daga gida da alƙalamin rubuta suna a hannu. Tun safe take rubuta sunan ubanta a wuyan riguna da ƙugun wanduna, haka gidan tsofaffin suka ce a yi.

"Mama, don Allah ki tashi haka nan. Ko ruwa ba ki sha ba."

"Na sha shayi."

"Shayin da ke kan taga ƙudaje na wanka a ciki?" Ta tsuguna kusa da ita. "Clarrie ya ce zai fita da ku a jirginsa, ku zaga ɗan tsibirin da ke kusa da gaɓa ku dawo. Ai duk teku ne."

"Ubanki ya tsani ƙarar inji a kan ruwa. Ya ce ta wurin aiki ta ishe shi."

"Mama, Baba bai san ko a jirgi yake ko a bahon wanka ba."

Glenys ta ajiye sifanar. Ta ce, "Ni na sani."

Narelle ta ga ta taka inda bai kamata ba. Sai ta sake magana. "Kin san abin da na tarar a bayan rumfa? Kwali guda cike da silifa. Ashirin da uku, duk na ƙafar dama. Me mutum zai yi da wannan?"

"Yana jiran ruwa ya dawo masa da 'yan'uwansu. Zubar."

"Na saya masa sabuwa dai, na rubuta suna a kowace ƙafa. Sun ce duk abin da ba suna ba ruwansu."

Har rana ta faɗi Glenys ba ta gano komai ba. Ta ɗaure kusoshin duka a karo na ban-san-nawa-ba, ta yi wa Merv wanka, ta dafa masa ƙwai, ta shafa wa kafaɗarta man zafi.

Lahadi da ƙarfe takwas da rabi suna gangaren ƙungiya. Ta jawo Beryl da mota ne saboda ba ta san yadda ake fasawa ba, ba don tana da wani sabon abin gwadawa ba. Ruwa na hawowa a hankali kan taɓo, iska daga kudu maso gabas, mai daɗi, irin wadda da can za ta sa ta yi ta rawar ƙafa. Clarrie ya zo da koren zarensa a aljihu da burodi mai nama a hannu.

"Me kika canja tun Alhamis?"

Ta buɗe baki za ta yi ƙarya, sai ta ji ba ta da ƙarfin ƙaryar ma. "Babu."

"To me zan hau in ji?" Ya yi ƙasa da murya. "Ki bari in kai ku a nawa. Zan kashe injin in mun yi nisa, ku zauna shiru yadda kuke so."

Ta zauna kan ƙarfen 'yar tirelar da aka ɗoro jirgin a kai, bayanta jingine da jirgin, ta rufe ido. Ta gaji da ƙarfe, ta gaji da mutane masu kirki, ta gaji da kanta da taurin kanta. Tana shirin cewa to ke nan ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga bayanta.

Merv ne. Ya sulale daga hannun Narelle, ya durƙusa a wutsiyar jirgin cikin sabuwar silifarsa, ya kama ƙasan allon hagu da ke rataye. Bakinta har ya ɗauko "Zauna, Merv," sai ta ga abin da yake yi. Ba hagu da dama yake girgiza shi ba, yadda ta yi ta yi kwana tara. Gaba da baya yake ja. Allon kuwa yana tafiya, kusan faɗin yatsu uku, alhali sakatar na danne. A kan tudu nauyinsa ke sa ya zauna daram kamar lafiyayye, sai an ja shi baya yadda ruwa ke ja.

Ya leƙa cikin gidan ƙarfen, ya zura yatsa a bayan kan allon, ya fito da shi tas. Ya koma na dama ya yi haka. Ya ɗago yana duban su ɗaya bayan ɗaya, ransa a ɓace.

"Wane mai gyaran ganganci ne ya taɓa jirgin nan?"

Ya zauna daɓas kan siminti, ya cire silifar ƙafar hagu, ya miƙo wa Glenys hannu ba tare da ya dube ta ba. "Baiwar Allah, ara mini wuƙa."

"Mama, kada ki ba shi," in ji Narelle.

Glenys ta zaro wuƙar da ke aljihun rigar cetonta, ta buɗe, ta sa masa a tafin hannu. Hannun nan da ba ya iya ɓalle maɓallin riga ya kwantar da silifar kan gwiwa, ya auna da babban yatsa, ya yanko dunduniyar, ya raba ta biyu, ya fiƙe kowane yanki ya yi masa baki. Rabin sunan da Narelle ta rubuta ya tafi a jikin yanki ɗaya. Ya ɗaga allo, ya cusa robar a ramin da Glenys ta ƙwaƙule tas, ya saki allon, ya buga sakata da gefen hannu. Ta shiga da ƙara mai kauri, wadda Glenys ta sani sarai, ta kuma lura sai yanzu cewa kwana tara ba ta ji ta ba. Ya ja allon baya. Ko gezau.

Yana aikin ɗaya gefen yana yi mata bayani, a natse, yadda ake yi wa baƙuwa mai hankali.

"Kin ga nan? Ni na goge ƙarfen, allon ya ƙara shigewa ƙarƙashin jirgi. In ya shige gaba, sanda ba ta ja, ko yaro ya riƙe. Amma goge shi ya bar rami a baya, dole a toshe, in ba haka ba ruwa ya tura shi ya fi da nauyi. Na gwada katako, na gwada tayar mota. Silifa ce kawai ke yi. Sai dai gishiri na cinye ta, shekara ɗaya, biyu, a sake." Ya buga sakata ta biyu. "Matata ce ke tuƙi. Ta ji ciwo a kafaɗa, a wurin ƙanƙara. Ba ta iya jan komai, amma ba a gaya mata."

Clarrie ya juya yana duban teku kamar an kira shi daga can. Narelle ta sa hannu a baki.

Merv ya ninke wuƙar ya mayar mata, ya matso kusa, ya rage murya. "Kada fa ki faɗa mata. In ta ji, cewa za ta yi in cire, ita ƙarfi gare ta. Kin san ta?"

Glenys ta dube shi. Haushi ne ya fara zuwa, mai zafi, na shekara talatin da ta yi tana ɗaga hannu a gaban mutane shi yana gefe yana cin biskit. Kofi uku. Sakarai da ta kira shi a gaban baƙi, da igiyar da ta ɗaura masa a ƙafa. Sannan wani abu ya biyo bayan haushin ya danne shi, ta ji tana son mutumin nan har ƙirjinta na ciwo, ga shi a gabanta, kuma babu wanda za ta gaya wa.

Ta ce, "Na san ta. Wuyar sha'ani gare ta."

"A'a, ba ta da laifi," in ji shi. "A dai bi ta a hankali."

Clarrie ya hau, suka fita shi da Glenys, suka juya sau huɗu a bakin gangare. Da suka dawo ya ciro zaren ya ɗaura, ya yi masa ƙulli har uku.

Sun fita da ƙarfe goma da kwata. Narelle da Clarrie suka ɗora Merv kan tamfol, rigar ceto ɗaure har wuya, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Jirgin ceto ya biyo su daga nesa. Ƙyallen ya cika, Beryl ya miƙe, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin tamfol yana jiƙa musu wando. Sandar na kwance cikin yatsunta biyu, sakayau, yadda ta san ta. A da tana jin wannan sauƙin a matsayin ƙarfinta, yau ta san na wane ne. Merv bai ce komai game da teku ba, bai kira sunanta ba, ba ta kuma tambaye shi ko ya tuna wani abu ba. Ya dai kama igiyar ƙaramin ƙyallen gaba da kansa, duk lokacin da ta ce za a juya sai ya sunkuyar da kai don ƙyallen ya wuce, kafin ma ta rufe baki. Can wajen tsibirin ya yi gyangyaɗi, hularsa ta rufe masa ido. Ta bar shi, ta ƙara zagaye ɗaya, sannan ta juyo da su gida kafin ruwa ya fara janyewa.

Litinin da safe suka kai shi. Ɗakin na da taga mai kallon wurin ajiye motoci, da gado mai ƙarfe a gefe, da kujera ɗaya. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta buɗe jakar tana duba kayan da takarda a hannu, riga shida, wando huɗu, reza, hula. Merv na zaune bakin gado yana shafa bargon, ya ce wa Glenys wurin ba laifi, amma shi ba zai daɗe ba, matarsa na jira. Ta gyara masa wuyan riga ta ce to.

Ma'aikaciyar ta ɗago silifa daga ƙasan jakar, ta sake lalubawa, ta duba takardarta. "An rubuta silifa ƙafa biyu, ga ɗaya kawai. Ina ɗayan warin?"

Narelle ta buɗe baki. Glenys ta riga ta. Ta dubi Merv, wanda ya ɗago yana sauraro.

Ta ce, "Ruwa ya tafi da shi."